Wasan ban dariya na waƙa kan ruɗanin mutum da soyayyar matasa: ina gyaran yake?

Malam Na-Tudu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana wasan kwaikwayo da masana waƙa. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta wata sakandare a nan Tudun Wada, Zariya, tana shirin wasan ƙarshen zangon farko, cikin Disamba ke nan. Yara goma sha huɗu ne, mata takwas maza shida, kuma mako goma ya rage. Abin da ake so shi ne wasan ban dariya wanda kusan rabinsa waƙa ce, irin wanda Turawa ke kira ofera ta barkwanci, amma da Hausa, da kiɗanmu.

Ga labarin a taƙaice. Hassan yana son Jummai. Yana da ɗan'uwa Husaini wanda aka raba su tun suna jarirai, ya tashi a Kano, bai san da shi ba. Husaini ya zo Zariya fatauci, Jummai ta gan shi ta ɗauka Hassan ne, shi kuwa ya wuce ta ko kallo babu. Ta yi fushi, iyaye suka shiga maganar, har aka ɗaura aure da wanda ba shi ba. Sai a fitowa ta ƙarshe tsohuwar da ta shayar da yaran ta bayyana cewa tagwaye ne. Yaro ɗaya ne zai fito a matsayin su biyun.

An karanta wa malamai biyar da wasu ɗalibai. Ba wanda ya yi dariya sai wajen shafi na ashirin, wasu ma sun ce sun zaci Hassan ɗin taɓin hankali gare shi. An rubuta waƙoƙi goma sha biyu, ba a sa musu karin rerawa ba tukuna. A filin taron makaranta za a yi, bayan la'asar.

Ina matsalar labarin take? Waƙa nawa ya kamata? Kuma kalangu za a nema ko fiyano? Allah ya ƙara sani.

Dattijon Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da sa'a. Ciwon labarin nan ɗaya ne: abin da ka ɓoye wa Jummai ka ɓoye wa 'yan kallo, sai suka ruɗe tare da ita. Wanda ya ruɗe kuwa lissafi yake yi a zuci, bakinsa ba ya buɗewa da dariya. A irin wannan wasa 'yan kallo ne ya kamata su fi kowa sanin gaskiya. Abin da ke sa su riƙe ciki shi ne su ga dattijo ya gyara babbar riga ya nufi rami gaba gaɗi, kowa na hangen ramin sai shi kaɗai.

Haka masu wannan sana'a suke yi tun da daɗewa. A wasan Rosini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, na wanzamin birnin Sebil, wanda aka fara nunawa a Rum a 1816, saurayin basarake ne mai dukiya, amma ya ce wa yarinyar da yake so shi talaka ne mai suna Lindoro, don ya gane ko don Allah take son sa. Tun a fitowa ta farko wanzamin ya gane shi a gaban 'yan kallo. Bayan nan ya shiga gidan su yarinyar da kayan soja yana layin maye na ƙarya, ya sake komawa a matsayin malamin waƙa, kuma duk shigar da ya sake 'yan kallo sun san shi ne. Yarinyar kuwa ba ta san ainihinsa ba sai dab da tashi. Ka riƙe wannan ƙa'ida: kafin minti na goma, yaron da ke zaune a layin baya ya san wane ne wane, wa ke son wa, kuma wa ya yi kuskure.

Maganar tagwaye, shawarata a ajiye ta. Idan yaro ɗaya ne ke yin su biyun, ba ranar da za ka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, alhali wannan ita ce fitowar da kowa ke jira. Masu yi a ɗakin wasa suna dabara da duhu da wani mai juya baya. Kai da rana tsaka za ka yi, a fili, ba abin da zai ɓoye maka.

Muna da abin da ya fi tagwaye sauƙi, wato takwara. Ga misali, ka gyara yadda ka so. Alhaji mai shagon ɗinkin manyan riguna a cikin Birni yana da ɗa Sani, yana kuma da yaron shago mai aikin allura, shi ma Sani. Jummai yaron shagon take so. Aka aiki tsohuwa mai dillanci ta sanar da mahaifin Jummai cewa Sani na gidan Alhaji yana neman izinin zuwa zance. Uban ya ji gidan Alhaji, ya hango bene da mota, ya amince nan take. Jummai ta ji Baba ya amince da Sani, ta yi ta murna. Kowa na farin ciki, kowa da mutumin da yake nufi. Ɗan Alhaji kuwa Ladi ƙawar Jummai yake so, sai ga shi ana ta yi masa barka da abin da bai sani ba, Ladi ta ji labari ta ɗauka an ci amanarta. Mutum shida ke nan manya, da tsohuwa bakwai, sauran yara bakwai su zama 'yan amshi: ƙawaye, yaran shago, maƙwabta.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, a samu babbar takarda a ja mata layuka. Sunayen 'yan wasa a sama, fitowa ta ɗaya zuwa ta ƙarshe a gefe. A kowane gida a rubuta abin da wannan mutumin ya ɗauka gaskiya ne a wannan lokacin. Yawancin wasannin ruɗani a nan suke karyewa: a fitowa ta shida wani ya faɗi abin da bai kamata ya sani ba sai ta tara, kuma ɗalibai suna kama irin wannan nan da nan.

Sai abu mafi wuya. Tambaya ɗaya tak za ta warware komai, «wane Sanin?» Dole kowa ya kasance da dalilinsa na ƙin yin ta, kuma dalilin ya fito daga halinsa. Uba kwaɗayi ya hana shi, ba ya son jin abin da zai ɓata masa lissafi. Jummai kunya. Yaron shago tsoron maigida. Ɗan Alhaji girman kai, yana ganin ai duk wadda aka ce tana son Sani shi take nufi. Ladi fushi, ta rantse ba ta ƙara yi masa magana. Tsohuwa kuwa ta karɓi goro a gida biyu, in ta gyara sai ta mayar da ɗaya. Idan ka bar wani ba dalili, wawa zai zama, kuma ba a damuwa da soyayyar wawa. Waya ma haka: ko ka kai labarin zamanin da babu ita, ko ka sa ta cikin ruɗanin, a ba da lambar Sanin da ba shi ba.

Tsawo: minti saba'in da biyar ya isa, kashi biyu. Na farko minti arba'in da biyar, ya ƙare a daidai inda abin ya fi cakuɗewa. Na biyu minti talatin. 'Yan Italiya suna rufe kashi na farko da doguwar waƙa wadda mutum biyu ke farawa, na uku ya shigo da sabuwar matsala, na huɗu ya ƙaro tasa, kiɗa na ƙara sauri har kowa ya hallara ana ta hayaniya. Wannan ka ɗauka. Abin da ba za ka ɗauka ba shi ne rera hirar tsakanin waƙoƙi da suke yi. Na Faransa da Jamus da Ingila magana suke yi zalla sannan su shiga waƙa, kuma shi ya dace da yaranka. Ni waƙa goma nake gani.

Yaran ba baƙin wannan abu ba ne. Wanda ya yi tashe ya san yadda ake zama tsoho da gemun auduga, kuma a kalankuwa samari ke zama sarki da alƙali. In da hali a kai su Jami'ar Ahmadu Bello su ga dandalin wasan nan na ginin ƙasa da aka yi a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, su ga yadda ake wasa ba labule.

Malama 'Yar Birni

Baba na Samaru ya gama magana kan ƙashin labarin, Allah ya ƙara girma. Zan ƙara ta fuskar harshe, don Hausa tana da nata hanyoyin ruɗa mutum, tana kuma da inda take toshe hanya.

Inda take toshewa shi ne jinsi. Mu ba ma cewa da mutum komai sai mun nuna namiji ne ko mace: kai, ke, ka zo, kin zo, naka, naki. Saboda haka wasiƙar soyayya da ta faɗa hannun da ba nata ba tana aiki ne kawai in wanda aka rubuta wa da wanda ya karɓa jinsinsu ɗaya ne, mace da mace ko namiji da namiji. In kana son saƙo ya yi yawo tsakanin kowa da kowa, rubuta shi da «ku» na girmamawa ko da «a» da «an»: a zo bayan isha'i, an amince, a yi haƙuri da abin da ya faru. Wannan salon kunya ne da kowa ya saba ji, ba wanda zai ce an ƙago shi don wasa.

Inda take buɗewa kuwa, Malam, ba ka ma buƙatar takwara sosai. Kalmar «yaro» ta ishe ka. «Yaron Alhaji» ɗansa ne, kuma mai yi masa aiki ne. Budurwa ba za ta kama sunan saurayi a gaban iyaye ba, matar Alhaji ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, surukai suna kauce wa juna. Gida guda cike da mutanen da al'ada ta hana su faɗin suna ƙarara. Sai dai Sani ba ɗan fari ba ne a yadda aka saba sa sunan, don haka in kana son alkunyar uwa ta yi aiki, ka canza musu suna zuwa wanda ake sakaya shi, a riƙa ce masa Babangida ko Maigari.

Abu biyu a labarinka na farko za su jawo maka surutu ko da ka canza sauran. Na ɗaya, kada a ɗaura auren. Da zarar waliyyi da wakili sun yi siga gaban shaidu an shafa fatiha, rabin iyayen da ke wurin sun bar kallo sun koma muhawarar ko auren ya ɗauru, kuma raba shi ba abin dariya ba ne. Ka tsayar da ruɗanin a kai kuɗin gaisuwa ko sa rana, mafi nisa a safiyar ɗaurin aure kafin a zauna. Na biyu, tsohuwa mai shayarwa. Turawa suna son wannan dabara, akwai wasan 'yan Ingila Gilbat da Suliban na 1878 da ya ƙare da mai reno tana cewa ita ta musanya jarirai biyu. A wurinmu da an ambaci nono sai a fara ƙirga wa ya sha na wa, don shayarwa tana haramta aure. Kauce mata gaba ɗaya. In kana son mace a lulluɓe a ɗauka wata ce, akwai al'adar amaryar boko, inda ake lulluɓe wata a madadin amarya, kuma wasa ne da kowa ya yarda da shi.

Soyayyar kuma a yi ta irin ta zance: tazara tsakani, ita da ƙawarta, shi da abokinsa, ba taɓa hannu. Wannan ribar marubuci ce, don ƙawa da aboki su ne bakin da ke faɗin abin da masoyan suka kasa, su ne kuma ke ƙara gishiri har saƙo ya lalace.

Yanzu waƙoƙin nan goma sha biyu da aka rubuta ba kari. A nan nake jin tsoro. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. Akwai gaɓa marar nauyi, kamar «da» ko «ta» mai gajeren wasali, akwai mai nauyi, wadda wasalinta dogo ne ko ta ƙare da baƙi, kamar «kai» da «can». Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka mai sa kari yana iya jan gaɓar da ba ta jawuwa. Ɗauki layin «na bar gari saboda ke». In aka ja «ga» ɗin, saurayi ya bar garin tuwo ke nan, filin kuma zai fashe da dariya a tsakiyar waƙar da ake so ta taɓa zuciya. Karin sauti ma haka yake yi, ko da yake mawaƙa sun fi samun sassauci a kansa: «wuya» ta wahala daga ƙasa take hawa, «wuya» na jiki daga sama yake sauka, haka «kuka» na hawaye da «kuka» ta miya. Maganinsa, a ɗauki jan biro a ja layi ƙarƙashin kowace gaɓa mai nauyi, a karanta baitin da ƙarfi ana tafi, a tabbata baiti na biyu ya hau tafin na farko. Kalmar da ma'ana ta rataya a kanta a bar karin waƙar ya bi yadda ake furta ta. Wanda ya iya kuma yana iya juya wannan ya zama makami: tsohuwa mai nauyin kunne ta ji an sha wuya ta je ta ce an shaƙe wuya.

Kowace waƙa ta matsar da labari. Gwajin shi ne a cire ta a karanta wasan, in ba abin da ya ɓace to ado ce kawai. Wadda nake ganin za ta zama gindin wasan ita ce ta uba da 'ya. Ba za su tsaya tare suna waƙar saurayi ba, kunya ba ta bari. A kafa zana a tsakiya, uba a zaure, 'ya a tsakar gida, ba mai jin wani. Shi yana yabon bene da mota da shinkafar biki, ita tana yabon allura da zare da idon da ya yi ja saboda aikin dare, sannan su haɗu a amshi ɗaya: «Yaron Alhaji, Allah ya nuna mana ranar.» Baiti uku-uku ya isa. A na uku 'yan kallo da kansu za su karɓi amshin.

Mai Fiyano, Sabon Gari

Ranka ya daɗe Baba, a wajen adadin waƙa zan ɗan saɓa. Goma ta yi wa 'yan sakandare yawa a mako goma. Waƙa ɗaya tana cin zama uku kafin ta zauna a baki, wani zama biyu kafin a haɗa ta da motsi. Ni bakwai nake gani, kowace minti biyu da rabi zuwa uku, ban da ta rufe kashi na farko da za ta kai shida. Ta ƙarshen wasa kada a yi sabuwa, a dawo da amshin «Yaron Alhaji» da sababbin baitoci. Jimla wajen minti ashirin da bakwai na kiɗa.

Ita ma waƙar hayaniyar, kada a kwaikwayi yadda Turawa ke ɗora murya huɗu ko shida a kan juna, kowa da nasa kari. Yaranmu da jagora da amshi suka tashi. A raba su gida biyu, gidan Alhaji da gidan su Jummai, kiɗa ɗaya, suna jifan juna. A fara da layi huɗu-huɗu, a koma biyu-biyu, a koma ɗaya-ɗaya, a ƙarshe kalma-kalma. Kunne zai ji kamar gudu ake ƙarawa alhali makaɗi bai canza hannu ba, kuma kalmomin ba su ɓace ba.

Kalangu ko fiyano? Duka biyun, kowa da aikinsa. Fiyano ya riƙe wa yara murya, ya ba su sautin farawa. Kalangu biyu da kuntukuru su riƙe gudu. Abin da kawai zan roƙa, kada a ɗauki kiɗa a situdiyo a kunna yara na motsa baki. Wasan dariya ne, in fili ya ɗauki shewa dole kiɗa ya jira, na'ura kuwa ba ta jira. Mai kalangu yana iya zagaya kiɗa ɗaya sau biyar har a lafa.

Akwai wani amfanin kalangu da ya dace da wannan labari. A ba kowane Sani takensa, ɗan gajere, daƙiƙa huɗu ko biyar. Duk lokacin da aka ambaci «yaron Alhaji», mai kalangu ya kaɗa taken wanda mai maganar yake nufi. Uba ya faɗa a ji na ɗan gida, Jummai ta faɗa a ji na mai allura. Ko wanda ya zo a makare zai gane. Kakaki da tambari kayan fada ne, kada a sa su a wasan raha, haka sunayen sarautun Zazzau na gaske.

Murya: maza 'yan shekara sha biyar zuwa sha bakwai muryarsu ba ta gama zama ba. A gwada kowa shi kaɗai a makon farko, a rubuta inda yake fara shaƙewa sama da ƙasa, a tsare waƙarsa cikin sauti takwas. Fiyanon zamani yana da maɓallin sauke kiɗa ko ɗaga shi, a yi amfani da shi maimakon tilasta yaro. Disamba hunturu ne, maƙogwaro na bushewa: ruwa mai ɗumi, ba ƙanƙara, ba ihu a filin ƙwallo ranar wasa. Fatar kalangu ita ma tana ɗaurewa a bushewar iska, don haka mai shi ya zo da wuri ya daidaita da fiyano.

Lokaci: a Disamba rana na faɗuwa a Zariya wajen shida da 'yan mintuna. In an fara huɗu da kwata, da jawabin shugaban makaranta da hutun minti biyar, za a tashi kafin kiran magariba, amma ba sarari. 'Yan kallo su ba yamma baya, rana ta haska fuskar 'yan wasa. Lasifikoki su kasance gaba da layin makirufo, suna fuskantar jama'a. In suka koma baya, ƙarar nan mai huda kunne za ta tashi. Makirufo marar waya huɗu sun isa in an rubuta a takarda wa ke miƙa wa wa a kowace fitowa, da sababbin batura ranar wasa, da biyu na tsaye don 'yan amshi. Janareta a kai shi bayan gini, aƙalla taku arba'in. Makaɗa su zauna a gefen dandali inda suke ganin bakin mai waƙa.

Rabon makonni: biyu na farko gyaran rubutu da gwajin murya, uku zuwa biyar waƙa zalla a zaune, shida da bakwai tsayuwa da shiga da fita ba takarda a hannu, takwas a haɗa da makaɗa, tara da goma a yi shi daga farko har ƙarshe aƙalla sau huɗu, biyu daga ciki a filin da kayan sauti.

Malam Na-Tudu

Allah ya saka da alheri, Baba, Malama, da Malam mai fiyano. An ajiye tagwaye, an ɗauki yaron Alhaji da waƙa bakwai. Saura abu ɗaya da ya tsaya: warwarewar. In gaskiya ta fito, me zai sa uban da ya sa rai da ɗan mai kuɗi ya yarda da yaron shago ba tare da abin ya zama wa'azi ba? Kuma su waye za su fara ganewa?

Dattijon Samaru

Bakwai ɗin ta fi, mai kiɗa ya fi ni sanin maƙogwaron yara.

Warwarewa daga ƙasa take farawa ta hau sama. Tsohuwa ce za ta fara ganewa, tun farkon kashi na biyu, ta yi ƙoƙarin rufewa ta ƙara ɓatawa. Sai ƙawa da aboki, sai Ladi da ɗan Alhaji, sai masoyan biyu. Uban Jummai shi ne na ƙarshe, kuma a bainar jama'a, ranar kawo kuɗin gaisuwa. A ce yaron Alhaji ya matso a gan shi, su biyu su taso tare. Ka bar shiru na daƙiƙa uku a nan, kada kowa ya motsa, sannan kalangu ya kaɗa taken biyu a jere. Daga wannan wuri zuwa waƙar ƙarshe kada ya wuce minti takwas, kuma kada wani ya tsaya yana ba da labarin abin da 'yan kallo suka riga suka gani.

Yardar uba tun kashi na farko ake shuka ta. Ka sa shi ya tara mutane yana cika baki cewa shi ba dukiya yake dubawa ba, hali yake dubawa, ko yaron nan ba shi da ko sisi ya ba shi, yana faɗa ne don ya tabbata akwai sisin. Magana zarar bunu ce, 'yan amshi su dawo masa da kalmominsa ɗaya bayan ɗaya cikin waƙa. Sannan ka ba shi tsanin sauka: Alhaji ya ce dama ya yi niyyar yaye yaron, ga keken ɗinki ga shago a Tudun Wada. Ita ma wannan a ambace ta sau ɗaya da wuri, a bakin yaran shago, don kada ta faɗo daga sama. Uba ya ce ai shi tun farko wannan yake nufi, kowa ya san ba haka ba ne, a bar shi da mutuncinsa.

Sutura: Sani biyun kada su yi kama ko kaɗan. Ɗaya shadda mai aiki, ɗaya riga mai sauƙi da tef ɗin awo a wuya. Abu ɗaya kawai ke yawo tsakaninsu, hula mai launi da ake hangowa daga layin baya, wadda mai allura ya ɗinka, ɗan gida ya ara. A tanadi irinta biyu, don ita ce ke ɓacewa a bayan dandali. Ƙofofin shiga uku, kowane gida da tasa, ta tsakiya ta titi, kuma ba mai shiga ta ƙofar da ba tasa ba sai da dalili.

Yara suna taka dariya, wato su ci gaba da magana ana tsakiyar shewa, layi na gaba ya ɓace. Koya musu su tsaya cikin halin da suke, su jira sai dariyar ta fara sauka sannan su ɗora, kada su bari ta mutu. Wannan ba ya koyuwa sai da mutane. A mako na takwas a kawo 'yan aji ɗaya su talatin su zauna. A minti na goma a tsayar da wasan, a tambayi biyar daga cikinsu, ɗaya bayan ɗaya, wa Jummai take so kuma wa babanta ya ɗauka. In biyu suka kasa, a koma a gyara fitowa ta farko kafin a taɓa komai.